Daga Sharlo zuwa Malam Wake: dariyar Ingila da wadda ta tarar a gidanmu

 

Kwanakin nan guntayen bidiyon Mista Bin sun sake dawowa yayi. Duk fadar da ka zauna shan shayi sai ka ga samari sun haɗa kai bisa salula guda suna ƙyaƙyatawa, wani har da riƙe ciki. Shi ne gardama ta tashi: wai Turawan Ingila sun fi kowa iya ban dariya, ko kuwa dai abin nesa ne ke da daɗi? Mun ga ya kamata mu koma baya mu bi sawun abin, don tambayar tana da tarihi, kuma tarihin ya bi ta ƙofar gidanmu.

Mu fara da iyaka. A watan Janairu na 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, ya sauka Tasawa. Daga nan ya bi ta Gazawa ya shiga Katsina, ya wuce Kano. Duk tsawon hanyar nan da harshe guda ake ciniki, da shi ake faɗa, da shi ake raha. Bayan shekara 48, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar ga da wuta da kisa, har ajalinsu ya cim musu nan kusa da mu, kaburburansu na Maijirgi har yau. A 1903 Turawan Ingila suka kama Kano da Sakkwato, Katsina ta miƙa wuya. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin rabon Faransa da na Ingila. Daga nan ɗan wa ya shiga lakwal shina "wi mushe", ɗan ƙane ya shiga makarantar boko shina "yes sa", alhali da dare tuwo guda suke ci in sun haɗu wurin biki.

Shi ya sa dariyar Ingila ba ta zo muna kai tsaye ba. Sai da ta ratsa ko ta Faransa ko ta Najeriya.

Wanda ya fara isowa shi ne Charlie Chaplin, amma da sunan da Faransawa suka laƙaba mishi muka san shi, wato Sharlo. An haife shi a Landan a 1889 cikin talauci mai tsanani, ya tahi Amurka, a 1914 ya fito da kamannin da duniya ta san shi da su: ɗan gashin baki, ƙaramar hula, wando burgujeje, takalma sun fi ƙafa, da ƴar sanda. Ya rasu a 1977. Finafinansa na farko babu magana ciki sam, don lokacin sinima ba ta da murya. Har yau a Faransanci in an ce ma mutum sharlo, ana nufin wanda ba a ɗaukar maganarsa da nauyi, kuma duk wanda ya zauna ajin lakwal ya taɓa jin mushe ya jefi wani ɗalibi da kalmar. Da yawa cikinmu sun ɗauka Bafaranshe ne. To ɗan Landan ne.

Na biyu shi ne Mista Bin. Sunansa na gaskiya Rowan Atkinson, an haife shi a 1955, kuma injiniyan lantarki ya karanta kafin ya koma wasa. Tashar ITV ta Ingila ta fara nuna shirin ranar 1 ga Janairu 1990, aka gama a 1995. Duka-duka kashi 15 ne. Ku duba fa, kashi 15 kaɗai, amma sun zagaye duniya sun fi shekara 30 ba su tsufa ba. Mu nan ta kaset da sede suka iso, cikin kayan ƴan kasuwar da ke sarowa daga Kano da Katsina, aka riƙa nuna su a gidajen bidiyo da gurup na ruri a bayan zana. Atkinson da kansa ya sha faɗin cewa ya ɗauki darasi daga Jacques Tati, Bafaranshen nan mai wasa da jiki ba da baki ba. Sunan Bin kuwa a Ingilishi wake yake nufi. Ke nan da a Mayahi aka haife shi, Malam Wake za mu ce mishi, kuma da kaka ta yi da an auna shi da tiya.

Ga abin lura. Mutum biyun nan da suka ƙetare iyaka suka zo muna, dukansu kusan bebaye ne. Ɗaya ya yi zamanin da sinima ba ta magana, ɗaya kuma gunaguni kawai yake. Faɗuwa daga kujera, rowa, kwaɗayi, tsoron jin kunya gaban jama'a, waɗannan ba su buƙatar tafinta. Amma abin da Turawan Ingila suka fi taƙama da shi a gidansu wasa da harshe ne, kuma shi bai iso ba.

Misali, akwai wasu abokai biyu masu suna guda, Ronnie Barker da Ronnie Corbett, da suka yi shiri a BBC daga 1971 zuwa 1987. Wasansu da ya fi shahara, na 1976, a kantin kayan ƙarfe aka yi shi. Mai saye ya nemi ƙotocin cokulan tonon lambu, mai kanti ya miƙo mishi kyandir huɗu, don a bakin ƴan wasu unguwannin Landan, masu haɗiye harafin "h", maganganun biyu sauti guda ne. Baturen Ingila na jin wannan sai ya faɗi ƙasa don dariya. Mu ga shi mun fassara muku, ko murmushi ba ku yi ba. Haka ƙungiyar Monty Python, da ta yi shiri a BBC daga 1969 zuwa 1974. A 1970 sun yi wani wasa na gidan abinci inda duk abin da ka nema sai an cusa maka naman gwangwani mai suna Spam, ko kana so ko ba ka so. Daga wasan nan ne aka samo sunan da ake kiran tarkacen saƙonnin da ke cika muna salula ba mu nema ba. Kalmar ta iso Tasawa, dariyar ta tsaya a Landan.

Dalili shi ne wasa da harshe kamar fura yake, inda aka dama ta nan take da daɗi. In ta yi doguwar tahiya sai ta yi tsami. Kuma da ma ko da ya iso, da ya tarar da gida cike.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalma guda a rubuce, in ka ɗaga murya ko ka sauke, in ka ja wasali ko ka taƙaita, sai ma'ana ta sauya. Ku karanta wannan da ƙarfi: gari ya waye, babu gari a gari. Ko wannan: da fari, fari ya zo, fara ta fara, farar ƙasa ta rage. Duk manomin Urafan ya fahimta tun kafin mu rufe baki, kuma ya san ba abin dariya ba ne kaɗai. Yaro na kuka gindin kuka. Wuya ta kai wuya. Kai, kai kai ka kai! Babu injin fassarar da zai fita cikin waɗannan lafiya lau.

Kakanninmu sun gina sana'o'i da al'adu bisa wannan arziki. A fada akwai wawan sarki, wanda shi kaɗai ke iya faɗa ma sarki gaskiya mai ɗaci a gaban jama'a, a yi dariya, sarki kuma ya ji saƙon. Akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa. A kasuwa akwai ƴan kama, masu naɗa rawani su zauna kamar malamai, su ɗauko salon karatu da wa'azi, amma duk abin da ke fitowa bakinsu zancen tuwo ne da miya da nama. Har wani Baturen Ingila, C. G. B. Gidley, ya yi nazari a kan ƴan kamanci ya buga a 1967. Ke nan tun kafin mu san Mista Bin, su sun zo sun zauna gaban namu suna rubutawa. Akwai ƴan gambara masu kaifin baki. Akwai tashe cikin watan azumi, inda yara ke bin gida-gida suna kwaikwayon tsoho da malami da mai rowa, gwauro kuwa ya rasa inda zai ɓuya. A Kano har sarauta gwagware gare su, Nalako.

Akwai kuma wasan kara, wanda Damagaram ta yi suna a kai. Samari su ƙera bindiga da mota da tabarau da karan dawa, wannan ya zama kumandan, wancan ya zama alƙali, wani likita, su yi ta kwaikwayon tahiyarsu da maganarsu. Masu mulki na kallo, talakawa na kallo, kowa na ganin kansa.

A cikin gida kuwa mata ke riƙe da makarantar. Habaici, wanda ake jifa ba a kama suna. Kacici-kacici da dare a tsakar gida. Maganganun karya harshe, da ake sa yaro ya maimaita da sauri har ya sarƙe. Sai zaurance, inda ƴanmata ke juya gaɓoɓin kalma don kada manya su gane. Ku juya Tasawa daga baya, gaɓa-gaɓa, ku ji: wa-sa-ta. Ashe tun a suna wasa na cikinmu.

Da rediyo ta zo, sai ta ɗauki wannan gado ta kai shi nesa. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, aka maida sunanta Muryar Sahel a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya hau mulki. Zamanin samariya wasan kwaikwayo da Hausa ya bunƙasa ƙwarai, kowane gari na shirya nashi don gasar matasa ta ƙasa. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Yazi Dogo, malamin lakwal ɗan Dogon Dutsi, wanda ya yi wasa a Damagaram kafin ya koma Yamai. Wasanninsu na ba da dariya, amma cikin dariyar ake tsokanar ɗan kasuwa mai algus, da ma'aikaci mai cin hanci, da uban da ke aurar da ɗiya don kuɗi.

Daga kudu kuma Rediyon Kaduna na shigo muna ba fasfo. Nan muka san Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya rasu a Nuwamba 2023. Duk ƙarfin wasansa a harshe yake: Hausar bariki, wadda ke maida mace namiji, ta haɗa da guntayen Turanci, a faɗe ta da tsawa kamar ana fareti. Ga Ƙasimu Yero, ga Karkuzu. Da zamanin bidiyo ya zo sai Rabilu Musa Ibro ya gaje fagen, har ya rasu a Disamba 2014. Ibro ya haɗa biyun, jiki irin na Sharlo da baki irin na ƴan kama.

Ita kanta iyakar da Turawa suka ja ta haifar muna da sabon abin dariya, don kowane ɓangare ya ari kalmomi daga nashi Baturen. Ɗan Tasawa ya kira abokinsa na Katsina ya ce "ina cikin biro, in na fito na kira ka". Bakatsine ya ce subhanallahi, yaya aka yi ka shiga cikin alƙalami? Don su biro abin rubutu ne, mu kuwa bik muke cewa, biro wurin aiki ne. Wani ya ce ya sayi kare a Maraɗi miliyan biyu zai gina, ɗan Najeriya ya ce wane irin kare ne wannan, zinari yake haushi? Mu lakile, su makulli. Mu isansi, su fetur. Ko a ce baiwar Allah ta sauka tashar Kano, aka tambaye ta daga ina, ta ce Mayahi, sai ɗan kamasho ya nuna mata hanyar Kantin Kwari, wai can ake saida mayafi. Kun ga harafin "h" da ya haɗa mai kantin Landan da kyandir huɗu, mu ma ya haɗa mu da Kanawa.

Amma babban abin da muka gada, wanda ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne wasan taubasai da barkwancin ƙabilu. Ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka, ƙanen miji da matar wa. Sannan Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Zabarmawa da Buzaye, Gobirawa da Zabarmawa, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zazzagawa. Samanja ma Banufe ne, ke nan duk mai jibi da Katsina na da izinin ya ce bawansa ne ya yi suna. Nan yankinmu Katsinawa da Gobirawa sun san juna tun zamanin gudun hijira: bayan jihadi sarakunan Katsina na da suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, garuruwa biyu maƙwabta. Mutanen da suka sha wuya tare sun san yadda ake tsokanar juna ba a zare wuƙa ba. In watan cika-ciki ya kama, taubashi ya bi taubashi karɓar kuɗin shara, ana ja ana dariya, zumunci na sabunta.

Wasan nan da dokokinsa. Na farko, sai da alaƙa, ba kowa kake tsokana ba. Na biyu, ramuwa halal ce, in ka jefa ka tsaya a jefe ka. Na uku, ba a fushi, kuma ba a shiga da abin da zai tozarta mutum na gaskiya, kamar asirin gidansa ko wata lalura da Allah ya ɗora mishi. Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, abokin wasanka na da haƙƙi a kanka. In ya shiga tsakaninka da wanda kuke rigima ya ce ka bari, kunya ta sa ka bari. In ya sauka garinku baƙo, kai ne mai masaukinsa. A Nuwamba 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam na duniya.

Nan ne za mu gane bambancinmu da Ingila. Daga 1977 zuwa 1979 sun yi wani shiri mai suna Mind Your Language, labarin malami mai koya ma baƙi Turanci a ajin dare a Landan, kowane ɗalibi da irin tashi karyayyar magana. An nuna shi a Najeriya, jama'a sun so shi ƙwarai. Amma a can gida aka dakatar da shi, don an ga dariyar gefe guda take gangarowa: mai gari na dariyar baƙo, baƙo ba shi da bakin ramawa. Da Bafulatani da Babarbare ne, da kowa ya samu rabonsa, a tashi ba wanda ya ji an taka shi.

Kada kuma mu ruɗi kanmu mu ce wasa kaɗai na tsare gari. Jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, inda a watan Oktoba 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasari mata da yara. Allah shi jiƙansu. Barkwanci ba ya maye gurbin adalci, ba ya shata burtali, ba ya biyan ɓarnar gona. Abin da yake yi shi ne ya bar ƙofa buɗe, ta yadda in abu ya taso akwai wanda zai iya shiga ya yi magana a saurare shi. Ranar da ƙofar ta rufe, ko mai gaskiya sai ya rasa ta inda zai shiga.

Abin da ke ba mu tsoro yau shi ne salula ta ɗauki tsokanar ta bar dokokin. Da, in za ka tsokani Bagobiri, gabanka yake, kana ganin fuskarsa, shina jin muryarka, ya san dariya ce. Yanzu sai yaro ya rubuta magana kan wata ƙabila ko wani gari a Facebook, mutum dubu da ba su san shi ba su karanta. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, balle murmushi. Abin da a bakin kaka wasa ne, a allon salula sai ya koma zagi. Wasu kuma da gangan suke fakewa da "ai wasa nike" su ci mutuncin mutane, musamman lokacin siyasa. Wanda bai san taubashinsa ba, bai san wanda ya halatta ya tsokana ba, kowa ma sai ya zama abin jifa.

Ga kuma asarar harshen kansa. Yaro ya haddace duk motsin Mista Bin, amma ka jefa mishi kacici-kacici guda ya tsaya shina kallonka. Ka yi mishi habaici ya ce bai gane ba, ka fito fili. Wanda ba ya gane habaici kuwa, gobe ba zai gane gargaɗi ba sai an zage shi ƙiri-ƙiri, kuma daga nan faɗa ke farawa.

Ba mu ce a daina kallon Malam Wake ba. Mu ma muna kallo, kuma wurin da ya yi barci a coci har yanzu shina kada mu. Turawan Ingila sun iya, kuma sun adana nasu: wasan 1976 na nan a ajiye, jikokinsu na kallo. Mu fa? Wasannin samariya nawa suka rage a kaset ba su lalace ba? Tsofaffin ƴan kama da ƴan gambara nawa suka rage a kasuwannin Tasawa da Mayahi, kuma wa ya taɓa ɗaukar muryarsu? Salular da muke tura Mista Bin da ita, ita ce dai ke ɗaukar murya. Wanda ke da kaka a gida, ya zauna da ita daren nan ya tambaye ta su wane ne abokan wasan gidansu, da dalilin wasan, ya ɗauka ya ajiye. Malaman lakwal su ba yara ko minti 10 na kacici-kacici da karya harshe a mako. Mu kuma a rediyo ƙofa buɗe take ga duk mai irin wannan ajiya.

Gobirawan Mayahi, mun san za ku ce duk zancen ga mun yi shi ne don mu kauce ma biyan shara. To ku zo ku karɓa, amma ku taho da tsintsiya.

Allah shi bar zumunci, shi ba mu damina mai albarka, shi zaunar da ƙasarmu lahiya. Sai mun ji daga gare ku.